Ana iya ɓoye zafin rana a ƙarƙashin ƙasa don ɗumama gidan shuka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan gidan shuka na leda, tsawonsa mita 20. Da rana zafi yakan yi yawa sai na buɗe ko'ina, da dare kuma sanyi ya takura wa shukar. Na ji an ce ana tara zafin bazara a ƙarƙashin ƙasa a ɗebo shi lokacin sanyi. Gaskiya ne? Ni ma zan iya?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Gaskiya ne, amma abin da ka ji aikin manyan gonaki ne, kuma ba shi kake buƙata ba.

In aka nutsa mita 10 zuwa 15, ƙasa ba ta san bazara ko hunturu ba; ɗuminta kusan ɗaya ne duk shekara, kuma abin da aka ba ta a hankali take sakinsa. Manoman Holan sun yi nisa a kan wannan. Sukan haƙa rijiyoyi biyu zuwa shimfiɗar yashi mai riƙe ruwa. Da bazara a jawo ruwan rijiyar sanyi, mai digiri 5 zuwa 8, ya kwashe zafin gidan shukarsu na gilashi, a tura shi rijiya ta biyu. Da sanyi ya shigo sai a juya akalar. Ruwan da ya dawo ɗuminsa bai cika wuce digiri 20 ba, don haka sai an haɗa da na'urar jan zafi, wadda ke aiki irin na firij: ta ci ma'aunin lantarki ɗaya, ta ba da uku zuwa biyar na zafi. Inda babu irin wannan ruwa, ramuka ake haƙawa a zura bututu. A unguwar Drake Landing da ke Kanada, ramuka 144 masu zurfin mita 35 sun ɗumama gidajen kwana 52 daga 2007 zuwa 2024.

Me ya sa ba zai yi maka ba? Zafi ta gefe yake zurarewa. Babban ma'aji gefensa kaɗan ne in aka kwatanta da cikinsa, ƙarami kuwa kusan duk gefe ne. Ka dubi yadda kofin ruwan zafi ke hucewa tun ganga ba ta fara ba. Zafin da ka binne ƙarƙashin gidan shuka mai tsawon mita 20 ba zai jira ka wata shida ba.

Matsalarka ta rana da dare ce, maganinta kuma ya fi araha. Ka binne bututun roba masu ƙananan huji, faɗin santimita 10, a zurfin mita ɗaya zuwa biyu a ƙarƙashin kwamin shukar. Fanka ta zuƙo iska mai zafi daga can saman rufi ta cusa ta ciki. Iskar gidan shuka cike take da danshi, to da ta taɓa bangon bututu mai sanyi sai ta yi raɓa, kuma wannan raɓar ce ke sauke kaso mai tsoka na zafin cikin ƙasa. Ka sa hannu a bakin mafitar da tsakar rana, za ka ji iskar ta fito da sanyi-sanyi. Da dare fankar nan dai ita za ta dawo maka da ɗumin.

Hujin ba ado ba ne: ta nan ruwan raɓar ke tsiyayewa. Bututun da ruwa ya kwanta a ciki yakan toshe, ya yi fumfuna. In ruwan ƙasa a wurinka yana kusa da sama, ka haƙura da tsarin, domin zai cika bututun ya kuma tafi da zafin. Sannan ka sa ma'aunin zafi a cikin ƙasar. In darare suka daina sanyi, ƙasar za ta ƙoshi da zafi, iskar da ke fita ta zama ɗaya da mai shiga. Daga nan kashe fankar ka koma ga inuwa da buɗe tagogi.