Me ya sa BBC ta kafa ƙungiyar makaɗa tata?

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa gidan rediyo ya mallaki babbar ƙungiyar makaɗa, da irin kiɗan da suke yi. A farkon zamanin rediyo kiɗa kai tsaye ake watsawa, domin faifan garmaho 'yan mintuna kaɗai yake ɗauka. Shi ya sa BBC ta kafa tata a Landan a 1930, Adrian Boult ya jagorance ta har 1950. Suna kaɗa ayyukan tsofaffin masu tsara kiɗa na Turai irin su Beethoven da Brahms, amma da sababbin ayyuka aka fi sanin su.

Da yake BBC ce ke biyan su, ba kuɗin tikiti kaɗai ba, suna da damar gwada kiɗan da kunne bai saba da shi ba. Na ga wannan yana saurin gajiyar da sabon mai saurare, don haka ka fara da daren rufe Proms, wato bikin kaɗe-kaɗe na shekara-shekara, da suke yi a zauren Royal Albert Hall cikin Satumba.