Likita, wai da gaske ne ana magani da magana?

Wasiƙun wannan makon sun taru a kan abu ɗaya, dabarar nan da likitocin ƙwaƙwalwa da na yara ke kira hifnosis. Mun ɗauko biyar daga ciki, mun taƙaita su.

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Na ga wani bidiyo a Facebook, wani Bature ya kaɗa yatsa, mutane suka zube kamar an zare musu laka, ya ce su yi kukan kaza suka yi. Sai kuma na ji wai asibitoci na amfani da abin. Tsafi ne ko rufa-ido? Daga wani malamin firamare, Gwarzo.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka gani wasan dandali ne. Mai wasan yakan tace 'yan kallo tun farko, ya ware masu saurin bin umarni da masu son a kalle su, sauran ya mayar da su kujerunsu. Wannan ɓangaren ba a cika sa shi a bidiyo ba.

Na asibiti kuwa ka san tushensa ko ba a gaya maka ba. Yaro ya nutse cikin tatsuniya, uwarsa na ƙwala masa kira daga madafa bai ji ba. Mai girbi ya yanke da lauje, bai ankara ba sai da ya ga jini a jikin kara. Hankali ya tattaru wuri guda, sauran abubuwa suka dushe. Hifnosis shi ne a kai mutum wannan yanayi da gangan, da yardarsa, sannan a gaya masa maganar da za ta taimake shi, domin a lokacin jiki ya fi amsa abin da zuciya ta zana. Gwada yanzu: ka raya a ranka kana tsotsar ɗanyar tsamiya. Babu tsamiya a bakinka, amma ga yawu ya taru.

Zancen ɓoyayyen ƙarfi an daɗe da tone shi. A 1784 Sarkin Faransa ya kafa kwamiti, har da Benjamin Franklin, masanin kimiyya ɗan Amurka, a ciki, ya binciki iƙirarin wani likita mai suna Mesmer cewa wani ƙarfi da ba a gani ne ke warkar da mutane. Ba su sami ƙarfin ba, suka ce tunanin majiyyatan ne ke aiki. Sunan da ake amfani da shi yau ya yaɗu ne daga James Braid, likitan tiyata a Manchester, a littafinsa na 1843, daga kalmar Girkanci mai nufin barci. Sunan bai dace ba, don mutum yana ji, yana iya magana, in an gaya masa abin da bai yarda da shi ba, sai ya buɗe ido ya tashi. A 1955 ƙungiyar likitocin Birtaniya ta amince a yi amfani da dabarar a wasu fannonin jinya.

Zama ɗaya yakan ɗauki minti 45 zuwa awa guda. Na farko kusan duk hira ce da bincike. Daga baya ne ake sa mutum ya tsayar da ido ko hankali a kan abu ɗaya, ya rage saurin numfashi, ya zana a ransa wurin da yake samun natsuwa, a faɗa masa maganar magani, a ƙirga ɗaya zuwa biyar ya dawo garau. Cikin manya, kamar ɗaya cikin goma suna shiga sosai, kusan haka kuma ba sa shiga, yawancin mutane suna tsakani. Yara 'yan shekara 7 zuwa 14 sun fi kowa iyawa.

Batun halacci kuwa, fatawa ta malamai ce. Namu mu faɗi abin da ke ciki don su yi hukunci a kan sani: babu surkulle, babu hayaƙi, babu kiran kowa. Wanda ya haɗa maka da laya ko yanka, wani abu yake yi daban.

Tambaya: Likita, ɗana shekararsa tara, kullum sai ya yi fitsarin kwance. An yi duka, kakarsa ta ɗaura masa kwaɗo, yara na bin sa da amalala, mun hana shi ruwa tun daga Magariba, duk a banza. Wannan dabarar za ta yi masa? Daga wata uwa, Ringim.

Amsa: Sannu Malama. Kafin komai, a ajiye bulala, a kwance kwaɗo, a tsawatar wa yaran unguwa. Yaron nan ba da gangan yake yi ba, kuma tsoro da kunya ba sa tashin mai barci. Kamar 15 cikin 100 na 'yan shekara biyar suna fitsarin kwance, a shekara goma saura kamar 5. Abin yana bin jini: in uwa da uba duk sun yi suna yara, kusan uku cikin huɗu na 'ya'yansu sukan yi. Ki tambayi kakar tasa a ɓoye game da ubansa, wataƙila ki ji labari.

Abu uku ne ke haɗuwa: jiki na tara fitsari da yawa da dare, mafitsara ba ta iya riƙewa, ƙwaƙwalwa kuma ba ta farkar da yaro in ta cika. Amma kar ki fara wata dabara sai an auna fitsarinsa a asibiti. Ga abin da muke tsoro a yankinku. Yaron da ke wanka a kogi, kududdufi ko kwatar noman rani yana iya kamuwa da tsargiya; ki duba ko akwai jini a ƙarshen fitsari. Maganinta ƙwayar firazikwantel ce, gwargwadon nauyi ko tsayin yaro. Sai sikila: ƙodar mai sikila ba ta iya rage yawan ruwan da ke fita a fitsari, shi ya sa fitsarin kwance ya yi musu yawa, kuma hana irin wannan yaro ruwa na iya tayar masa da ciwon ƙashi. Sai ciwon suga, in yana yawan ƙishirwa yana ramewa. Wannan kar a kwana ba a je asibiti ba. Sai sanyin mafitsara, in yana jin zafi. Sai wanda aka fi mantawa, taurin bayan gida: hanji cike da busasshen kashi yana danne mafitsara. Yaro mai kashin awaki, ko mai kwana uku bai zaga ba, a fara gyara wannan da ruwa, zogale, gwanda da maganin da likita zai ba da. In kuma ya taɓa dainawa har wata shida ya dawo, a nemi dalili, ko a jiki ko a wani tashin hankali na gida ko makaranta.

In duk wannan ya fita lafiya, ga yadda masu koyar da yara dabarar ke yi. A zauna da shi da rana, a zana masa ƙoda biyu, da mafitsara kamar salka mai bakin ɗauri, da kai a sama, da layi tsakaninsu kamar waya. A nuna masa cewa da rana wayar tana aiki lafiya lau, tunda ba ya jiƙa wando a aji. Da dare ne kawai ba a ɗagawa. Bayan Magariba, a zaune (in ya kwanta barci zai sace shi kafin ya gama), ya lumshe ido, ya yi numfashi biyar a hankali, ya tafi a ransa inda yake so, filin ƙwallo ko bayan jakin babansa. Daga can ya gaya wa kansa da kalmominsa: idan salkata ta cika za ta kira ni, zan farka, in sauka, in yi fitsari, in dawo shimfiɗa busasshiya. Ya kalli kansa yana bin hanyar taki-taki. Minti biyar zuwa goma ya isa.

Inda abin ke lalacewa wuri biyu ne. Na farko, uwa ta karɓe aikin, kullum "ka yi abin naka?" Da ya zama umarninki, ya tashi daga nasa. Ya ɗaura zare a ƙofa ko a butarsa ya riƙa tuna masa. Na biyu, duhu. Yaro da yawa yana farkawa, amma makewayi na can ƙarshen gida, sai ya gwammace ya koma barci. A ajiye masa tocila da fo ko bokiti a bakin ɗaki.

Ruwa kuma a juya lokacinsa: ya sha sosai da safe da rana, ya yi fitsari sau biyar zuwa bakwai a yini, a rage awa ɗaya ko biyu kafin kwanciya, ban da shayi da lemon kwalba da dare. Ya zana rana a kalanda duk daren da ya tashi a bushe, daren da ya jiƙa a bar wurin fari, ba faɗa. In an yi mako shida zuwa takwas babu canji, a koma wa likita. Gaskiyar magana, hujjar da ke bayan hifnosis a fitsarin kwance ba ta kai ta ƙararrawar da ke kaɗawa in wando ya fara jiƙa ba, ko ta ƙwayar desmofiresin da likita ke rubutawa. Abin da ya sa muka kawo dabarar hifnosis ɗin, ba ta cin ko sisi, kuma tana mayar wa yaron da aka daɗe ana kunyatawa jin cewa akwai abin da ke hannunsa.

Tambaya: Shekara uku ina fama da murɗar ciki da kumburi, yau zawo gobe tauri. An yi awo an yi hoto, an ce ba komai. Har an fara cewa sammu ne. Daga wani manomi, Kafin Hausa.

Amsa: Malam, "ba komai" a hoto ba ya nufin ƙarya kake. Akwai larurar da hanji ke zama mai saurin jin zafi da saurin motsi alhali babu rauni a jikinsa, don saƙon da ke tsakaninsa da ƙwaƙwalwa ya yi ƙarfi fiye da ƙima. A nan ne hifnosis ya fi samun hujja. Tun 1984 likita Peter Whorwell a Manchester ya wallafa gwajin da ya nuna amfaninsa, kuma hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta sa shi cikin abin da za a gwada in magani ya yi shekara bai yi aiki ba.

Ana yin zama 6 zuwa 12 cikin kamar wata uku, da maimaici a gida minti 15 kullum. Ka zauna, ka shaƙi iska kana ƙirga huɗu, ka saki kana ƙirga shida, har sau goma. Ka ɗora tafin hannu a cibiya, ka bi ɗuminsa yana ratsa ciki. Sannan ka ɗauki hanjinka kamar kwatar ban-ruwa, kai ne mai buɗe ƙofa: ranar zawo ka rage ruwan ya tafi a natse, ranar tauri ka kwashe ciyawar da ta toshe. Masu dainawa a mako na biyu su ne ke cewa ba ya aiki. Sauƙin yakan zo ne a hankali.

Amma in akwai jini ko baƙin kashi, rama, zazzaɓi, amai mai naci, zafin da ke tashe ka daga barci, ko kuma ciwon ya fara ne bayan ka haura hamsin, ka bar zancen numfashi ka nufi babban asibiti, Dutse, Birnin Kudu ko na Malam Aminu Kano. Ka kuma tabbatar an duba tsutsar ciki da ƙwayar cutar gyambon ciki.

Tambaya: Ina aiki a ƙaramin asibitin ƙauye. Allura da wankin ƙuna sai an danne yaro mutum uku. Akwai abin da zan iya ba tare da dogon horo ba? Daga wata ma'aikaciyar lafiya, Ɗambatta.

Amsa: Akwai, 'yar'uwa, kuma farkonsa a bakinki yake. Daina cewa "ba zafi". Yaro ya kama ki da ƙarya sau ɗaya, ba zai ƙara yarda ba. Daina kuma "in ba ka yi shiru ba a ƙara maka wata". Ki ce: wasu suna jin kamar cizon tururuwa, wasu kamar tsinke, kai ka gaya mini yadda naka yake.

Jariri a sa shi a nono lokacin rigakafi. Ɗan shekara biyu zuwa biyar ya zauna a cinyar uwarsa, ƙirji da ƙirji, ya hura kumfar sabulu ko gashin kaza a tafinki. Mai hurawa ba ya iya riƙe numfashi ya ƙame jiki. Daga shida zuwa sama ki gwada safar sanyi, wato safar hannu ta cikin tunani: ki tambaye shi kalar da yake so, ki shafa hannunsa daga yatsu zuwa gwiwar hannu sau biyar ko shida da ɗan nauyi, kina cewa safar na rufe fata, zai san ana taɓa shi amma abin ba zai dame shi ba. Ki taɓa hannun da ƙarshen biro, ki taɓa ɗayan, ya faɗi bambanci da kansa. In an gama ki "cire" masa safar. Minti uku ne. A fara tun kafin ya ga sirinji, don wanda ya riga ya tsunduma cikin ihu ba ya jin kowa.

Wankin ƙuna da ciwon ƙashin sikila kuwa, maganin zafi ake fara bayarwa, rabin awa kafin wanki in na sha ne. Dabarar ƙari ce a kansa. Kar ta zama hujjar hana yaro magani.

Tambaya: Hifnosis zai raba ni da sigari? Kuma yayana yana jin muryoyi, yana cewa ana bin sa. In kai shi? Daga wani matashi, Kazaure.

Amsa: Sigari, binciken da aka tattara bai nuna hifnosis ya fi nasiha da magungunan daina taba ba. In kuma kana shan taramol ko kodin, kar ka yanke kai kaɗai a gida, ka je a tsara maka yadda za a rage.

Yayanka kuwa, a'a. Mai jin muryoyi ko zargin ana farautarsa ba a yi masa hifnosis, yana iya ƙara rikita shi. Asibitin ƙwaƙwalwa na nan garinku, akwai kuma na Dawanau a Kano, kuma da wuri aka fara magani ya fi kamawa. Mai farfaɗiya ma sai da izinin likitansa.

In za ka nemi mai yi maka, ka tambayi aikinsa na asali: likita ne, nas ne, ko masanin halayyar ɗan Adam mai rajista? Wanda bai iya kula da cutar ba tare da hifnosis ba, bai cancanci ya kula da ita da shi ba. Ka guji mai alƙawarin warkarwa a zama ɗaya, da mai cewa a daina maganin asibiti, da mai son keɓewa da mace ko yaro a rufaffen ɗaki. Ka fi gudun mai cewa zai tono maka abin da ka manta, ko ya sa ka ga wanda ya yi maka sata. A cikin wannan yanayi zuciya na iya ƙirƙiro abin da bai taɓa faruwa ba, mutum ya tashi yana rantsuwa a kansa, ya je ya ɗora wa maƙwabcinsa.