Tankin babur ya lotsa: me za a saya kafin a yi fenti?

Tambaya: Assalamu alaikum. Babur ɗina ya faɗi daga tsaye, hannunsa ya daki gefen tanki, wurin ya lotsa kamar faɗin bakin kofi. Ba ya yoyo. Ina so in sake masa fenti, amma an raba mini hankali. Wani ya ce in sayi bodi fila, wato ƙullun nan da ake shafa wa ƙarfe ya bushe ya yi tauri, in cike ramin kawai, wani kuma ya ce in sayi kayan ciro lotsawa na gam ɗin nan da ake talla a intanet. Wanne ya kamata in saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin ka fitar da kuɗi, wanke tankin tas, ka haska masa fitila daga gefe, sannan ka ɗora ƙyalle marar kauri a tafin hannunka ka shafa wurin a hankali. Hannu yana jin abin da ido ba ya gani. Abin da kake nema shi ne ko lotsawar mai faɗi ce marar zurfi, ko kuwa akwai layi mai kaifi a tsakiyarta inda ƙarfen ya karye kamar takardar da aka ninke. Ta farkon tana jin gam. Ta biyun ƙarfenta ya riga ya miƙe, gam ba zai daidaita ta ba, sai an kai wa fanal bita.

In ta farkon ce, duka biyun za ka saya, amma kowanne da lokacinsa. Gam ne farko, kuma tun fentin yana nan, domin ya fi kama fenti mai santsi fiye da ƙarfen da aka kankare. Ka goge wurin da sifirit, ka narka gam a kan ɗan maɓallin roba da ke zuwa cikin kayan, ka manna a tsakiyar ramin, ka bar shi 'yan mintuna ya kama, sai ka ja. Kada ka sa rai zai fito a ja ɗaya. Hotunan tallan nan galibi ƙofar mota ake nunawa, ita kuwa shimfiɗaɗɗiya ce. Ƙarfen tanki bai cika wuce milimita 1 a kauri ba, amma lanƙwasarsa tana ba shi taurin kai. Za ka manna ka ja sau da yawa, a tsakani kuma kana ƙwanƙwasa bakin ramin da ƙaramar guduma ta roba ko katako. Duk inda ƙarfe ya shiga ciki, gefensa ya ɗan tasa, kuma wannan tudun ne yake riƙe da ramin. Idan ka kwantar da shi, tsakiyar za ta biyo ka.

Inda ya kamata ka tsaya shi ne lokacin da wurin ya kusa daidai, yana ɗan ƙasa kaɗan. Gara ya rage ƙasa da ya yi tsiri, domin fila tana cike ƙasa amma ba ta ɓoye tudu.

Ita fila ba laifi ba ce, cika ta ne laifi. Ni ba na son ta wuce milimita 3. Na taɓa kankare wani tanki da fentinsa ya tsage kamar ƙasar tafkin da ya ƙafe, sai wani gutsure ya ɓanɓaro a hannuna, kaurinsa ya kai ɗan yatsa, ƙarƙashinsa kuma jar tsatsa ce jiƙe-jiƙe. Tanki yana kan inji, kullum cikin girgiza da zafi, kuma ƙarfe da fila ba sa buɗewa da tsukewa daidai. Mai kauri dole wata rana ta saki.

Ka kankare wurin da samfefa mai lamba 80 har farin ƙarfe ya fito, ka zarce bakin ramin da kamar faɗin yatsu uku. Ka kwaɓa filar a kan faranti mai santsi, ba kwali ba, don kwali yana shan ruwan haɗin. Hadna, wato sinadarin da ke sa fila ta bushe ta yi tauri, kamar kashi 2 cikin 100 ake sawa. Idan ya yi yawa yana iya ɓullowa ya ɓata launin fenti, idan ya yi kaɗan fila ba za ta bushe sosai ba. Ninkawa ake yi ana dannewa, ba juyawa ba, saboda juyawa tana shigar da iska, iskar ce kuma take zama ƙananan ramuka kamar na allura. Kana da minti 4 zuwa 5 kafin ta fara kamewa, don haka ka kwaɓa kaɗan-kaɗan. Shafin farko ka danna shi da ƙarfi ya shiga zanen samfefar. Bayan kamar minti 20 zuwa 30 sai ka goge, da samfefar naɗe a jikin katako ko roba mai lanƙwasuwa, ba da yatsu ba, daga mai lamba 80 zuwa 180 zuwa 320, wato daga mai kaushi zuwa mai laushi, kana gittawa. Ka ɗan feshe wurin da baƙin fenti sama-sama ka sake gogewa: duk inda baƙi ya rage, da sauran rami. Kuma kada ka goge fila da ruwa, tana tsotse shi ta kai wa ƙarfe. Sai an fesa firaima, wato shafin farko da ake yi kafin fenti, ta bushe ake maganar ruwa.

Tambaya: Tawa lotsawar mai kaifi ce. Mai walda ya ce zai liƙa ƙusoshi a wurin ya ja ta waje. Na juye man, na shanya tankin a rana kwana biyu. Ya isa? Wani kuma ya ce in hura masa iskar kwamfireso, ramin zai fito da kansa.

Amsa: Don Allah, Malam, dakata. Bai isa ba. Ba ruwan fetur ne yake fashewa ba, tururinsa ne idan ya gauraya da iska, kuma kaɗan yake buƙata: tsakanin kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin 100 na iskar da ke ciki. Shi ya sa tankin da aka juye ya fi cikakke haɗari a gaban wuta. Tururin ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasan tanki, sauran mai kuma yana maƙalewa a haɗin ƙarfe da cikin tsatsa, da ya ji zafi sai ya sake tashi. Wanda ya san aikin yana wanke ciki da ruwan zafi da sabulu sau da yawa, sannan ya cika shi da ruwa ko da iskar da ba ta cin wuta, kamar agon, kafin ya kawo wuta kusa. Ka tambayi mai waldarka yadda yake shirya tanki. Idan amsarsa ita ce rana ta busar da shi, ɗauki tankinka ka tafi.

Ko an yi waldar lafiya, tana ƙone rufin ciki ta buɗe wa tsatsa ƙofa, kuma cire ƙusa kan bar ɗan huji. Dole a gwada yoyo kafin fila ta taɓa wurin. Na fi so ka nemi mai tura lotsawa daga ciki da lanƙwasasshen sandan ƙarfe ta bakin tanki, in dai sandan zai kai wurin.

Kwamfireso kuwa ka manta da shi. Iska ba ta san inda ramin yake ba, wuri mafi rauni take nema. Sai ƙasan tankin ya buɗe ya ƙi zama a kan firam, ko haɗin ya tsage, lotsawar kuma tana nan yadda take.

Tambaya: Ba gara in sayi tsohon tanki mai kyan gani ba, in fesa masa fentin gwangwani?

Amsa: Idan naka ya ruɓe daga ciki ko yana yoyo a haɗi, gara hakan. Amma ka tafi da ƙaramin maganaɗisu ka bi jikin tankin da shi. Inda ya daina kamawa, ko kamunsa ya yi rauni, akwai fila a ɓoye. Idan bai kama ko'ina ba, tankin na alminiyam ne ko na roba, kuma na roba yakan tayar da fenti ya yi ƙuraje saboda tururin mai yana ratsa shi. Ka leƙa ciki da tocila, ka kifa shi ka duba haɗin ƙasa, nan ruwa yake taruwa.

Fentin gwangwani na gama-gari ba ya jure fetur. Ɗigo kaɗan wurin shan mai ya isa ya dusashe shi ko ya narke shi. Launin kana iya yi da shi, amma rufin sama ka sayi kiliya, wato fenti marar launi mai sheƙi, mai haɗi biyu, wadda ake rubuta wa 2K. Ka gwada ta a kan wani guntun ƙarfe da ka fesa wa launin, don wasu fentin ba sa jituwa. Hadnanta yana da sinadarin da ke cutar da huhu, takunkumin ƙyalle ba ya tare shi, sai na masu fenti, a wurin da iska ke wucewa. In ba ka da shi, ka yi gyaran da firaima da kanka, ka kai wa mai fenti ya fesa. A rufe bakin tankin da tef don gefen fenti ya tsaya nesa da inda mai yake taɓawa, sannan ka ba shi kamar mako guda ya yi ƙarfi kafin ka zuba fetur.