Kawu, ga dalilin da ya sa muka bar babbar jam'iyya a Leicester

Assalamu alaikum Kawu. Ina gaisuwa, ina kuma gaida Inna da jiki, Allah ya ƙara sauƙi.

Na saurari saƙon muryarka har sau biyu. Ka ce ka ji Musulmin Ingila sun juya wa manyan jam'iyyu baya, an kuma gaya maka har da ni. Ka ce baƙo raɓa ne, yaya mutum zai zauna a ƙasar wasu, ranar zaɓe kuma ya ɗauki ƙuri'arsa ya ba wanda ko ya ci ba zai kafa gwamnati ba? Tambayar tana kan hanya, don mu kanmu sai da muka yi watanni muna jayayya a kanta.

Mu a nan ba a kawo mana takarda a ce mu dangwala wa shugaban ƙasa. An raba Birtaniya mazaɓu 650, kowace mazaɓa ɗan majalisa ɗaya take turawa Landan, jam'iyyar da ta samu rinjaye shugabanta ne firaminista. A mazaɓa kuwa wanda ya fi ƙuri'a shi ya ci, ko da tazarar guda ɗaya ce, babu zagaye na biyu. Kuma abin da babu a gida, mutum yana iya tsayawa ba tare da jam'iyya ba. Fam 500 zai ajiye, mutum goma na mazaɓar su sa masa hannu, in ya samu fiye da kashi 5 cikin ɗari a mayar masa da kuɗinsa. Ni da ƙuri'ata iyakarmu Leicester ta Kudu, kuma a can ne lissafin ƙarami da babba yake sauyawa.

Mu Hausawan garin nan ba mu da yawa. In aka yi suna, ɗakin taro guda ya ishe mu, har da 'yan Zangon Ghana da 'yan Nijar. 'Yan Najeriya da Ghana da Kamaru da ke da takardar zama suna zaɓe ko ba su karɓi fasfon nan ba, saboda ƙasashensu suna cikin ƙungiyar ƙasashe renon Ingila. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram ba su da wannan damar sai sun zama 'yan ƙasa, amma hakan bai hana su fin kowa zafi a muhawara ba. Muna zaune ne cikin Musulmi 'yan asalin Indiya da Somaliya da Bangladesh, a unguwanni irin su Highfields, tare muke sallah, 'ya'yanmu makaranta ɗaya. Ƙidayar 2021 ta nuna kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Leicester Musulmi ne.

Tun zuwana abin da na tarar shi ne Labour. Ba a ma tambaya. Ita ce jam'iyyar ma'aikata, ita ta kafa tsarin asibitin kyauta a 1948, inda da yawa daga cikinmu suke aikin jinya, ita ce kuma ba ta cika zafafa magana a kan baƙi ba. Dattijon da ya tarbe ni lokacin da na sauka, wanda muke kira Baba, shi ya nuna min yadda zan yi rajista, ya kuma gaya min inda zan sa alama. Sau huɗu na bi maganarsa. A 2019 ɗan majalisarmu, Jonathan Ashworth, ya ci da tazarar ƙuri'a sama da dubu 22. Kujera irin wannan jam'iyya ba ta ɓata lokaci a kanta, ta riga ta sa mu a aljihu.

Gaza ce ta tsinka igiyar. A watan Oktoban 2023 aka tambayi Keir Starmer, shugaban Labour a lokacin, a wani gidan rediyo game da yanke wa mutanen Gaza ruwa da wuta, ya ba da amsar da kowa ya fahimta a matsayin cewa Isra'ila tana da wannan haƙƙin. Daga baya ya ce haƙƙin kare kai yake nufi, amma magana zarar bunu ce. Kansiloli Musulmi suka riƙa ficewa daga jam'iyyar. A watan Nuwamba aka kawo ƙudurin tsagaita wuta gaban majalisa, shugabannin Labour suka hana 'ya'yansu goyon bayansa, mutum 56 suka bijire, namu ba ya cikinsu. Kawu, a lokacin matata ba ta iya cin abincin dare in ta kalli labarai. 'Yarmu ta fari, wadda a shekarar ta isa zaɓe, ta tambaye ni me ƙuri'ata ta shekara da shekaru ta saya mana. Na rasa abin ce mata.

Jam'iyyar Conservative ba ta cikin lissafi, ita ke mulki a lokacin, ita ce kuma ta ɗauko shirin kwashe masu neman mafaka zuwa Rwanda. Sai wani mai auna ido da yanka tabarau a garin nan, Shockat Adam, ya fito ba jam'iyya. Yadda aka yi yaƙin neman zaɓensa zai ba ka mamaki: babu taliya, babu atamfa, babu mai ba ka ko sisi. Mu ne ma muke ba da namu. Matasa suna bin gida gida da takardu, mata suna tura saƙo a WhatsApp, bayan sallar Juma'a a tsaya bakin titi ana ta magana. Ranar Alhamis 4 ga Yulin 2024 na tashi daga aikin dare, na biya rumfar zaɓe da katin shaidata, na sa alama da fensir. Da asuba aka faɗi sakamako, ya kayar da Ashworth da ƙuri'a 979. Ka duba wannan adadin, Kawu. Masallaci ɗaya na Juma'a ya fi haka jama'a.

Ba mu kaɗai ba ne. A Blackburn Adnan Hussain ya ci da tazarar 132, a Birmingham Ayoub Khan ya ci da 507, Iqbal Mohamed ya ɗauki Dewsbury da Batley, Jeremy Corbyn da aka kora daga Labour ya riƙe kujerarsa a Landan. Wes Streeting na Labour, wanda ya zama ministan lafiya, da tazarar ƙuri'a 528 ya tsira. Labour ta kafa gwamnati da kujeru sama da 400, wannan gaskiya ne, amma tun daga ranar ta san cewa unguwanninmu sai an zo an nema.

Ba zan ɓoye maka ɗaya gefen ba, don Baba har yau yana ganin mun yi ganganci, kuma hujjarsa tana da nauyi. A maƙwabciyar mazaɓarmu, Leicester ta Gabas, tsofaffin 'yan majalisar Labour biyu suka tsaya daban, ƙuri'u suka warwatse, Conservative ta ɗauke kujerar, ita kaɗai ce sabuwar kujerar da suka samu a duk ƙasar a shekarar da suka sha mummunan kaye. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sannan ƙananan jam'iyyu ba duka ne masoyanmu ba. Reform ta Nigel Farage, wadda duk maganarta a kan baƙi take, ta samu ƙuri'a sama da miliyan 4, tsarin mazaɓu ne ya tsayar da ita a kujera 5, yayin da Liberal Democrat da ba ta kai ta ƙuri'a ba ta samu 72. Wata guda bayan zaɓen aka yi tarzomar da aka kai wa masallatai da masaukan 'yan gudun hijira hari, kwana da kwanaki ban bar yara sun fita da yamma ba. Baba yana cewa duk wanda ya raunana Labour, Farage yake yi wa aiki.

Shi ya sa ba ma ba juna umarni ɗaya. Wani abokina da ke zaune a mazaɓar da Labour da Conservative suke kankankan ya kira ni, na ce masa ya danne zuciyarsa ya zaɓi Labour, don a can ƙuri'ar fushi ba ta kai kowa majalisa. Ƙanwar matata a Bristol jam'iyyar Green ta zaɓa, kuma sun ci. Kowa yana duba alƙaluman zaɓen baya na mazaɓarsa kafin ya yanke shawara. A cikin gidana ma ba a tilasta wa kowa, ko da yake mu uku wuri ɗaya muka sa.

Abin da ya fi ba ni ƙarfin gwiwa kuwa daga bakinka na ji shi. Kai ka ba mu labarin yadda aka riƙa ɗaure 'yan NEPU ana yi musu bulala saboda sun ƙi bin NPC, suka ƙi sakin Sawaba. Kai ka ce a 1979 kowa ya san Malam Aminu Kano ba zai kayar da Shagari ba, amma ka dangwala wa makulli, PRP ta ci Kano da Rimi, ta ci Kaduna da Balarabe Musa. Na san za ka tuna min cewa majalisar da NPN ta mamaye ta tsige Balarabe a 1981, kuma jam'iyyar ta dare gida biyu, santsi da taɓo. Ban manta ba. Amma ban taɓa jin ka ce ka yi nadamar wannan ƙuri'ar ba, kuma da na tsaya a rumfa da fensir a hannu, kai na tuna.

Zaɓe mai zuwa ban yi wa kowa alkawari ba. Zan duba abin da ɗan majalisarmu ya yi a kan haya da layin asibiti da makarantun yara, ba Gaza kaɗai ba, zan kuma duba ƙarfin Reform a garin nan. In hadari ya taso ta can, zan iya komawa inda Baba yake.

In Allah ya kai mu hutun ƙarshen shekara zan zo da 'yar taka, tana son ta ji labarin santsi da taɓo daga bakinka. A gaida mutanen gida duka.