Baba ya dena shan ruwa saboda robar fitsari, ya hukuncin alwalarsa da sallarsa?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Dan Allah tambaya gareni akan mahaifina, shekarunsa sun haura 70. Wata biyu kenan fitsari ya tsaya masa cak cikin dare muka kwashe shi sai asibiti, likita yace furostet ne, wani ƙullutun nama da maza ke da shi a ƙasan mafitsara, ya kumbura ya toshe hanya, aka sa masa roba da jakar da fitsarin ke taruwa a ciki, sukace haka zai zauna da ita har ranar da za'a masa aiki. To Malam tun daga ranar Baba ya canza, mutumin da sahun farko baya wuce shi yanzu ko ƙofar gida baya leƙawa, yace najasa yake ɗauke da ita bazai shiga ɗakin Allah da ita ba. Sai yayi alwala sau uku sau huɗu kafin ya tada kabbara, da ya kalli robar yaga ɗigo ya gangaro sai ya koma ya ɗau buta, wani lokacin har lokacin sallar ya fita. Abinda yafi ɗaga min hankali ya dena shan ruwa, in na miƙa masa kofi sai ya kurɓa ya ture, wai so yake fitsarin ya tsaya ya samu yayi sallah da tsarki, yanzu abinda ke cikin jakar ya koma kalar shayin da ba'a sa madara ba, leɓensa duk ya bushe. Malam ya alwalarsa take, ya sallarsa, zai iya zuwa masallaci? Ga azumi kuma yana matsowa.

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar uwa Allah ya ba Baba lafiya yasa kaffara ne, ke kuma Allah ya baki ladan jinya. Kafin ki gama karanta amsar nan ki tashi ki kai masa ruwa ya sha, wannan shine na gaggawa. Ki faɗa masa ɗigon nan da yake gani a roba baya karya masa alwala, kuma sallarsa ta inganta da jakar a jikinsa, babu ramuwa.

Malamai suna cewa ba'a yanke wa abu hukunci sai an fahimci yadda abin yake, kuma a nan kuskuren Baba ya taso ne daga zaton da yake yi cewa fitsari abu ne da ake iya tsayarwa in an dena shan ruwa. Ba haka Allah ya halicci ƙoda ba. Ƙoda guda biyu ce a baya ta ƙasan haƙarƙari, kowacce bata wuce girman dunƙulen hannun mutum ba, amma kusan kashi 1 cikin 5 na jinin da zuciya ke harbawa ta cikinsu yake bi, wato sama da lita ɗaya duk minti ɗaya. A cikin kowace ƙoda akwai 'yan ƙananan matatai kusan miliyan 1 da likitoci ke kira nefron, ido baya ganinsu, su ke tace ruwa daga cikin jinin nan, kuma abinda suke tacewa a yini da kwana yana kai lita 180, kinga jarka mai lita 20 guda tara kenan. Da duk wannan zai fita da mutum bai kai azahar ba, sai Allah yasa siraran bututun da ke biye da matatar suna mayar da kusan kashi 99 cikin 100 zuwa jini, ruwan da gishirin da jiki ke buƙata da sukari duk su koma, abinda ya rage na dattin jiki da rarar ruwa shine fitsari, lita 1 zuwa 2 a rana. Subhanallah. Kuma wannan aikin baya tsayawa, kina barci ana yi, kina sallah ana yi, ɗigo-ɗigo yake gangarowa ta bututu biyu masu tsawon kamar santimita 25 zuwa 30 har ya isa mafitsara.

To me yasa mai lafiya baya yoyo duk yini tunda ƙodar bata hutawa? Saboda mafitsara ma'aji ce, tana iya riƙe wajen rabin lita, kuma a bakinta akwai tsoka mai ɗaurewa kashi biyu, ta ciki da ke aiki da kanta da ta waje wadda mutum ke sarrafawa da ganin damarsa, shi yasa zaka ji fitsari ka riƙe har ka isa bayi. Ita robar da aka sa wa Baba ta ratsa ta tsakiyar waɗannan ƙofofi ne ta shiga har cikin mafitsarar ta bar hanya a buɗe, duk ɗigon da ƙoda ta sauko da shi wucewa yake kai tsaye zuwa jaka. Babu riƙewa babu saki, zaɓin ya fita daga hannunsa gaba ɗaya. Wannan shine abinda malaman fiƙihu ke kira salasul bauli, yoyon fitsarin da mutum baya iya tsarewa, kuma nasa ma irin wanda baya yankewa ne.

A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kai a ƙasar nan ana duba yawan lokacin da yoyon yake ɗauka. Idan yankewarsa tafi zuwansa yawa to yana karya alwala kamar na kowa. Idan yana cin rabin lokaci ko fiye da haka baya karyawa, sai dai an so mutum ya sabunta alwala in babu wahala a ciki, haka Shehu Khalil ya kawo a Muktasar, a Risala ma Ibn Abi Zaid ya haɗa mai yoyon fitsari da mace mai jinin istihala, wato jinin ciwo da ba na haila ba, yace mustahabbi ne su yi alwala ga kowace sallah. Idan kuwa ya lazimci dukkan lokaci, irin na Baba, to ko mustahabbancin ma malamai sunce babu, domin me za'a sabunta alhali yana cikin wanke fuska ma ɗigon na sauka. Alwalarsa zata karye ne da sauran abubuwan da aka sani, tusa, bayan gida, barci mai nauyi da makamantansu. Hanafiyya da Hanabila sunce yayi alwala ɗaya bayan shigar lokacin kowace sallah, Shafi'iyya sunce ga kowace farilla, amma dukkansu sun haɗu akan cewa abinda ya fita bayan alwalar nan baya cutar da sallarsa. Ni abinda nake ba shi shawara, in lokaci ya shiga yayi alwala guda ɗaya tak in da iko, ya sauke rigarsa akan robar ya dena kallonta, ya tada kabbara. In sanyi ne ko jiki ba ƙarfi alwalarsa ta baya ta isar masa.

Asalin wannan sauƙi daga Annabi sallallahu alaihi wa sallam yake. Fatima 'yar Abu Hubaish tazo tace masa jini baya ɗauke mata, shin ta bar sallah, yace a'a wannan jijiya ce ba haila ba, ya umarce ta da yin sallah, hadisin yana Bukhari da Muslim. Sayyidina Umar da aka soke shi yayi sallah rauninsa na kwararar da jini, Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa. Kuma Allah yace bai sanya muku wani ƙunci a cikin addini ba, a ƙarshen Suratul Hajji, yace ku ji tsoron Allah gwargwadon ikonku a Suratut Tagabun. Na san abinda ke tsorata dattawa irinsa, hadisin kaburbura biyun nan da ake wa azaba, ɗaya saboda baya kiyaye kansa daga fitsari. Wallahi tsoron nasa abin yabo ne, mutumin da ya shekara 70 yana kula da tsarki ba ƙaramin abu bane yaga fitsari rataye a ƙafarsa. Amma ki gaya masa a hankali wancan mai kabarin yana da ikon kiyayewa ne yayi sakaci, shi kuwa Baba cuta ce ta ƙwace ikon daga hannunsa, ba ɗaya suke ba ko kusa.

Maganar ƙin shan ruwa kuwa ita ce bazan sassauta ba, bai halatta ba. Idan mutum ya rage ruwa, wata 'yar ƙwaya da ke ƙasan ƙwaƙwalwa tana sakin wani sinadari cikin jini da ke umartar ƙoda ta ƙara mayar da ruwa jiki, sai fitsarin ya ragu yayi kauri yayi duhu, wannan kalar shayin da kika gani kenan, ƙodar ce ke faman tattalin ɗan ruwan da ya rage. Amma tsayawa cak bazata yi ba, dole sai ta fitar da wajen rabin lita a rana domin dattin jini baya fita sai da ruwan da zai ɗauke shi. Kinga abinda yake nema bazai samu ba, ɗigon zai ci gaba, abinda zai samu shine cutarwa, fitsari mai kauri yana tara gurɓi ya toshe robar, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama su haura sama, ga tsakuwar ƙoda, ga shi tsoho in ruwan jikinsa ya ƙafe ƙodar kanta na iya samun rauni har a fara maganar wankin ƙoda, wanda duk gidan da ya shiga sun san abinda yake ci na kuɗi da na jiki. Ranar da fitsari ya dena zuwa gaba ɗaya ba tsarki aka samu ba, ƙoda ce ta gaza ko hanya ta toshe. Allah yace kada ku jefa kanku cikin halaka, kuma ƙa'ida ce a shari'a babu cuta babu cutarwa. Sai dai in likitansa ne da kansa ya ƙayyade masa yawan ruwan da zai sha, don akwai masu ciwon ƙoda da ciwon zuciya da ake rage wa ruwa, to wannan a bi abinda likita ya faɗa daidai, ku tambaye shi kofi nawa a rana.

Jakar kuma najasa ce a cikinta babu shakka, amma an yi afuwa akan ɗaukarta saboda larura, haka ɗan abinda ke tsattsafowa ta gefen roba ya taɓa wando kullum, Malikiyya sun sa shi cikin abinda aka yafe saboda wahalar kauce masa, in yayi yawa a canza ko a wanke ba tare da takura ba. Abinda ya dace ki zazzage masa jakar ta ɗan famfon ƙasanta kafin sallah in ya sauƙaƙa, ki wanke hannu kafin da bayan. Kar a riƙa cire jakar daga jikin robar don za'a yi sallah, buɗewa da rufewar nan ita ke shigar da cuta, kuma jakar ta zauna ƙasa da mara kullum don kar fitsarin ya koma ciki. Akwai ƙarama da ake ɗaurawa a ƙwauri ko cinya wando ya rufe ta, ku nema. In sujada tana jan robar tana masa zafi yayi sallah a zaune ya yi nuni, Annabi ya faɗa wa Imrana ɗan Husaini da ke fama da basir yayi a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Wasu kuma ba jaka ake sa musu ba, 'yar murfi ce a bakin robar mutum ya buɗe in mafitsara ta cika ya rufe, to mai irin wannan zaɓinsa ya dawo, duk sanda ya buɗe alwala ta karye kamar ta kowa.

Masallaci ya koma. Nana Aisha ta bada labari a Bukhari cewa ɗaya daga matan Annabi tayi i'itikafi tare da shi tana cikin istihala, har akan ajiye tasa a ƙarƙashinta tana sallah. Tasa ce buɗaɗɗiya fa a cikin masallacin Annabi, to ina ga jaka rufaffiya da bata zuba. Sharaɗin kawai a tabbatar bata yoyo kar a ɓata shimfiɗa. Akwai wani dattijo da muke sallah tare, sai bayan an cire masa robar yake faɗa min wata huɗu yayi da ita a ƙarƙashin wando, a gefena yake tsayuwa ban taɓa sani ba. In Baba yana limanci ne to Malikiyya sun karhanta mai yoyo ya ja masu lafiya, ya ba wani ya ja har ya warke, in ma ya ja sallar tayi. Sallolin da lokacinsu ya fita bai yi ba ya rama su, waɗanda yayi da jakar kuwa sun wuce.

Azumi, ita robar a kanta bata karya shi, hanyar fitsari bata haɗe da ciki ba, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen musulmi a zamanta na Jidda a 1997 ta sa roba da magani da ake sawa ta mafitsara cikin abubuwan da basa karya azumi. Amma ko zai iya jure yini ba ruwa wannan likita za'a tambaya tun kafin wata ya kama, in yace akwai haɗari ya sha ya rama bayan an yi aikin, in aka tabbatar larurar mai ɗorewa ce ya ciyar da miskini ɗaya a madadin kowace rana. Kuma ki sa ido akan jakar nan, in kika ga awanni sun wuce ba abinda ya sauka mara na masa ciwo, ko jini ya fito, ko zazzaɓi ya rufe shi, ko ya fara ruɗewa a magana, ku tafi asibiti a lokacin ko da ana kiran sallah ne, ya yi ta a can.

Wallahu a'alam.