Jan ƙwan da kika gani a farantin walima

Yaya, ƙwan nan bai lalace ba, kuma ba kalar abinci aka zuba masa ba. Dafaffen ƙwai ne da aka tsuma cikin ruwan khal, jan kuwa na bitirut ne, wata jar saiwa da ake ci. A nan jihar Pensilbeniya tsohon abinci ne na jikokin Jamusawan da suka zo tun kafin Amurka ta sami 'yanci a 1776, wurinsu matanmu suka koya. Kan halacci kuwa kwantar da hankalinki, khal ne, wanda Manzon Allah (SAW) ya yaba a hadisin da Muslim ya ruwaito.

Kin tambaya me ya kai mu. Rashin hannu ne, Yaya. Mace ta tashi daga aiki Juma'a da yamma, Asabar baƙi sun cika falo, ba mai taya ta ko yankan albasa. Duk abin da za a iya gamawa tun mako biyu kafin ranar, rahama ne. Baƙi a nan ba sa isowa lokaci ɗaya, wani tuƙin awa biyu zai yi, dole a aje abin taɓawa kafin a kawo babban abinci.

Ƙwan da ya yi kamar mako a firij muke nema, don sabon ƙwai ba ya ɓaruwa da kyau, fatar takan biyo ɓawon. A dafa minti 12, a tsoma cikin ruwan ƙanƙara, a ɓare a hankali. Wanda ya tsage har gwaiduwa ta leƙo, na yara ne, ba ya shiga kwalba. Sai a tafasa khal mai ƙarfin kashi 5 cikin 100 da gishiri, sukari, kanumfari, masoro da yankakkiyar albasa, a jera ƙwan a kwalbar gilashi da aka wanke da tafasasshen ruwa, a zuba har ya nutse duka. Mai son ja ta sa bitirut, mai son rawaya ta sa kurkum. Ƙaramin ƙwai yakan kama cikin mako 1 zuwa 2, babba kuwa 2 zuwa 4. Ni na fi son ƙwan salwa, loma ɗaya ne, tsamin kuma yana ratsa shi da wuri.

Inda ba ma wasa shi ne sanyi. Khal kaɗai ba ya tsare ƙwai, domin yana daɗewa kafin ya isa gwaiduwa. A 1997 wani dattijo a jihar Ilinoi ya kamu da gubar botulizim, mai shanye jiki har ta taɓa numfashi. Ya huhhuda ƙwan da tsinken sakace don ruwan ya shiga da sauri, ya bar kwalbar a ɗaki ba firij. Saboda haka ba a huda shi, kwalbar kuma tana firij tun ranar farko, a cinye cikin wata 3 zuwa 4. Idan firij ɗinki ba ya aiki dare da rana, don Allah kada ki gwada.

Ranar taro sai a tsame, a tsane, a raba kowanne biyu. Nan kyansa yake fitowa: gefe ja jawur, yana dusashewa zuwa fari, gwaiduwa rawaya a tsakiya. Wasu sukan kwashe gwaiduwar su murje ta da mayonis da ɗan barkono su mayar cikin ramin. Farin yakan yi ɗan tauri, haka khal yake yi masa.

Kaɗan-kaɗan muke fitarwa, don faranti ba ya wuce awa 2 a kan tebur. Abin da ya rage bayan haka zubarwa muke yi, ba ya komawa kwalba.