Tambaya da Amsa: Auna Ingancin Nama da Haske

Tambaya, daga wani mai sarrafa nama a Kano: Assalamu alaikum. Na ji wai akwai na'urar da ke faɗin yawan kitse da ruwan da ke cikin nama a ƙasa da minti ɗaya, ba tare da an zuba sinadari ba. Gaskiya ne? Za ta yi mini aiki a kan kilishi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Gaskiya ne, kuma ba yau aka fara ba. Karl Norris, wani injiniya a ma'aikatar aikin gona ta Amurka, shi ya share fagen a shekarun 1960 da awon danshin hatsi. Hasken da ake amfani da shi ido ba ya ganinsa. Yana gaba kaɗan da jan haske, daga nanomita 780 zuwa 2500 (nanomita ma'auni ne na tsawon zangon haske), ana taƙaita sunansa na Turanci, near-infrared, da NIR. Kowane abu a cikin nama da inda yake shanye hasken: ruwa a wajen 970 da 1450 da 1940, kitse a wajen 930 da 1210. Na'urar sai ta duba hasken da ya rage, ta lissafo kason kowanne.

Aikin kansa ba wuya, sai dai ba ya son garaje. Ana niƙa naman sau biyu a injin niƙa, a cuɗa shi sosai, domin tsoka guda gefen nan jan nama ne, gefen can kitse, kuma na'ura abin da ke gabanta kawai take gani. Sai a cika ɗan faifanta, kimanin giram 180 a na'urar FoodScan ta kamfanin FOSS na ƙasar Denmak, a danne da cokali kada a bar ramukan iska. Kada a saka naman da bai gama sakin ƙanƙara ba, don sanyi yana gusar da wurin da ruwa ke shanye haske, sai lissafin ya karkace. A goge gilashin bayan kowane awo. Maiƙon ɗazu yana shiga lissafin yanzu. Ƙungiyar AOAC, mai tantance hanyoyin gwajin abinci, ta amince da wannan hanya a 2007, bayan an gwada ta a ɗakunan gwaji daban-daban. Tsohuwar hanyar Soxhlet ta fitar da kitse kuwa sa'o'i take ci.

Batun kilishi, a nan gizo ke saƙa. Na'urar ba ta san kitse da kanta ba, koya mata ake yi. Ana auna samfurori masu yawa da tsofaffin hanyoyi, Kjeldahl don furotin, Soxhlet don kitse, busarwa a tanda don ruwa, sannan a haɗa sakamakon da abin da haske ya nuna. Saitin da ke zuwa da ita an gina shi ne a kan irin naman da masana'antun Turai da Amurka ke sarrafawa. Kilishi ya bushe, ga labu, ga man gyaɗa da yaji. Za ta ba ka lamba, har da ɗigo, amma kada ka gina ciniki a kanta sai an yi mata sabon saiti da kilishin masu sana'a daban-daban, na rani da na damina.

Tambaya, daga wata uwargida a Maraɗi: Za ta iya gane naman jaki ko doki idan an gauraya shi da na saniya? Mushe fa?

Amsa: Hajiya, a ɗakin bincike an sha nuna cewa haske yana bambanta naman dabbobi, musamman idan gaurayen yana da yawa. Amma idan kaɗan aka zuba, ko an dafa an sa kayan ƙamshi, takan ruɗe. Badaƙalar naman doki ta Turai a 2013 ma, gwajin ƙwayoyin halitta na DNA ne ya tona ta, a hannun hukumar kula da abinci ta ƙasar Ayalan. Amfanin haske shi ne tankaɗe: a duba kaya da yawa cikin sauri, wanda ya ba da shakku a kai shi gwajin DNA. Mushe kuwa, na'ura ba ta shaidar yanka. Wannan aikin likitan dabbobi ne da masu sa ido a mayanka.

Tambaya, daga wani dillalin gyaɗa a Dawanau: Gubar aflatoksin fa, wadda ke sa a dawo da kaya daga Turai?

Amsa: Malam, a nan ƙarfinta ya gaza. Tarayyar Turai ba ta yarda gubar ta wuce maikurogiram 4 (maikurogiram shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram) a kilo ɗaya na gyaɗar da za a ci kai tsaye ba, NIR kuwa ta fi ƙwarewa a abin da ake lissafawa da kaso cikin ɗari. Abin da za ta yi maka shi ne awon danshi kafin a ɗinke buhu, tunda laima ce ke raya fumfunar da ke haifar da gubar. Gubar ita kanta sai gwajin ELISA ko HPLC, hanyoyin da masana ke bi su gano ta, kuma a ɗebi samfuri daga buhuna da yawa, sama da tsakiya da ƙasa, domin 'yan ƙwayoyi kaɗan ne kan ɗauke ta a cikin lodi guda.